Aikin zane da takardun sefa da naira a Maraɗi: ta ina za a fara, kuma me ke ɓaci?

Tambayar ta zo daga wani malamin zane a wata kwaleji ta Maraɗi. Yana son shi da ɗalibansa su baje aiki a kan kuɗi: na wa ne sefa, me ya sa naira ke yawo a kasuwarmu kamar ƴar gida, me takardar kuɗi ke faɗa game da ƙasar da ke kashe ta. Niyyarsa ya manna jika-jika da naira a kan allon katako, ya yanyanka wasu, ya zana tuta a kansu. Yana tambayar wane gam ne ya dace, kuma ko zai samu matsala da hukuma.

Malam, zan zo kan maganar gam, amma fara ajiye almakashin tukuna.

Takardar sefa da ke aljihunka, darajarta ce taka. Ita kanta takardar tana ƙarƙashin kariyar doka. Dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka masu kashe sefa, a kan jabun kuɗi ta hana lalata kuɗin da ke yawo da gangan, ta hana ɓata su da rubutu, ta kuma hana kwaikwayon su ba da izinin BCEAO, babban bankin da ke fitar da sefa, ba. A Nijeriya ma sashe na 21 na dokar babban banki ta 2007 ya tanadi ɗaurin wata shida ko tarar naira 50,000 ga mai wulaƙanta naira, har da liƙi a wajen biki. A watan Agusta na 2017 Kemi Seba, ɗan gwagwarmayar adawa da sefa, ya ƙona takardar jika biyar a bainar jama'a a Dakar. An kama shi, kotu ta sallame shi, amma ba a daɗe ba aka kore shi daga Senegal. A Japan, mai zane Genpei Akasegawa ya buga kwafin takardar yen 1000 a 1963, fuska ɗaya kawai, don aikin fasaha, kuma duk da haka kotu ta same shi da laifi a 1967. Wanda zai tsaya gaban hukuma a nan kai ne, kuma da ƴaƴan mutane a bayanka. BCEAO na da reshe a nan Maraɗi. In har akwai hoton takardar da ke yawo da kake ganin dole ya fito a aikin, rubuta musu takarda ka jira amsa a rubuce.

Ko da doka ba ta hana ba, ba zan ba ka shawarar yankan kuɗi ba. A garin da mutum ke yini yana neman ɗari biyar ta cefane, wanda ya ga jika goma a yayyanke ba zai tsaya tunanin sefa da Faransa ba. Zai ce almubazzaranci ne, kuma yana da gaskiyarsa. Nan zancen zai tsaya.

Masu zanen da suka yi fice a wannan fage yawanci wata hanya suka bi. Cildo Meireles na Barazil, a zamanin mulkin soja, ya buga takardarsa mai darajar sifiri, Zero Cruzeiro, a shekarun 1970. Ya kuma riƙa danna hatimi a kan kuɗin da ke yawo yana tambayar wa ya kashe Herzog, ɗan jaridar da ya mutu a hannun jami'an tsaro a 1975. Wannan ɓangaren kada ka kwaikwaya, saboda dalilin da na faɗa. Meschac Gaba, haifaffen Kwatano, ya yi aiki da takardun da aka daina karɓa da waɗanda banki ya niƙe, ya sa su cikin babban aikinsa mai ɗakuna 12 da ya gina daga 1997 zuwa 2002, wanda gidan baje fasaha na Tate da ke Landan ya mallaka daga baya. Mansour Ciss Kanakassy, ɗan Senegal mazaunin Berlin, ya ƙirƙiro kuɗin da ya kira Afro, kuɗin Afirka guda da babu bankin da ya fitar, ya baje shi a bikin fasaha na Dakar a 2002. Gerald Machona na Zimbabwe ya ɗinka tufafi da dalolin ƙasarsa bayan sun mutu. Hanyoyi uku ke nan: ka nuna kuɗi na gaske ba tare da ka taɓa su ba, ka yi aiki da matattun kuɗi, ko ka buga naka. Dukansu suna yiwuwa a Maraɗi da kayan da ke kasuwa.

Amma kafin kaya, sai ka san abin da kake tambaya. A ganina abu mafi ƙarfi da kake da shi yana bakin mutane. An rubuta 1000 a kan takarda da Faransanci, mai tumatir ta ce jika. An rubuta 100 a kan ƙarfe, ta ce dala ashirin. Babu mai lissafi da lambar da aka buga. Kowa na raba ta biyar a kansa tun yana yaro. Ka tsallaka Ɗan Isa zuwa Jibiya, kalmar nan ta jika tana nan, suna cewa jaka, amma can naira 200 take nufi, wato fam ɗari na da. Harshe ɗaya, kalma ɗaya, dangi ɗaya, kuɗi biyu. Ita kanta kalmar kuɗi jam'in wuri ce, wurin da aka riƙa kawowa daga tekun Indiya. Dala kuma ta samo suna daga azurfar Turawa, irin mai hoton Mariya Tereza da har yau ake buga ta da shekarar 1780, kafin sunan ya koma kan tamma biyar ta Faransa. Babu mai zane a Dakar ko Paris da zai iya yin aiki da wannan kamar ɗalibanka.

Ka sa su duba takardun da kyau, da tabarau mai ƙara girma in akwai. Sefa ba ta ɗauke da fuskar kowane mutum, ba ta ɗauke da sunan kowace ƙasa daga cikin takwas ɗin da ke kashe ta. Abin da ke nuna Nijar harafi ɗaya ne a jikin lamba: H. Ta Kwaddibuwa A, ta Benin B, ta Burkina C, ta Mali D, ta Senegal K, ta Togo T, ta Gine Bisau S. Kifin nan mai baki kamar zarto da ke jikin kowace takarda an ɗauko shi daga ma'aunin zinariya na mutanen Akan na Gana da Kwaddibuwa. A Chamalières ta Faransa ake buga su. An kafa kuɗin ranar 26 ga Disamba 1945, shekarar da ruwan Gulbi ya ci tsohon garin Maraɗi har aka hau tudu, kuma yau yuro guda tamma 655.957 ne, ba ya motsi. Naira kuwa, tun 1973, ta bi wata hanya: fuskoki ne a jikinta, Sardauna a kan 200, Azikiwe a kan 500, Murtala a kan 20. Akwai ajamin Hausa a kan manyan, amma an cire shi daga ƙananan a 2007. Ke nan Bahaushen Maraɗi yana karanta harshensa a kan kuɗin maƙwabta, ba ya ganin sa a kan na ƙasarsa, alhali tun 2025 Hausa ce aka ayyana harshen ƙasa a Nijar. Ka ajiye takardun biyu gefe da gefe a ƙarƙashin gilashi, ba tare da ka ƙara ko ɗigo ba, tambayar ta riga ta fito.

Aiki na farko da zan ba ka shawara shi ne dala guda sau uku. Lokacin da Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya ratsa Tasawa da Katsina zuwa Kano a 1851, wuri 2,500 ake ba da dalar azurfa guda a Kano. To ka nemi wuri 2,500, dalar azurfa ɗaya, da ƙwandalar dala ta yau. Azurfar giram 28 ce, ta yau giram 3, wurin kuwa zai kai kilo uku zuwa huɗu gwargwadon girmansa. Ka auna ɗari ka ninka sau 25 kafin ka sa kafinta ya yi teburi. Azurfar ana samun aronta wajen maƙeran farfaru ko cikin kayan adon tsofaffi. Ita a rufe ta da gilashi da makulli. Wurin a bar mutane su ɗiba su ƙirga biyar-biyar kamar yadda fatake ke yi, don gajiyar ƙirgar tana cikin aikin. Za a riƙa rasa wasu kowace rana, musamman in yara sun shigo, saboda haka ka sayi ɗari biyu na ƙari, a riƙa aunawa da yamma a cike.

Ga kuskuren da baƙo ba zai hango ba: kada ka baza wuri a kan faifai ko tabarma ko rairayi. A nan wannan siffar duba ce, kuma kafin la'asar labari ya zagaya cewa malamin lakkol ya kawo bori makaranta. Ka zuba shi cikin kwanon sikelin ƴan kasuwa, irin na masu sayar da gyaɗa, da duwatsun awo a gefe. Sikeli na gaya wa kowa cewa maganar ciniki ake yi.

Jika ma haka: ƙwandalar dala guda 200 a gefe ɗaya, giram 600, jar takarda ɗaya a ɗaya gefen, sai naira 200 a tsakiya. Tara dala 200 ya fi yadda kake zato wuya, don ta yi ƙaranci a hannu. Ka fara wata guda kafin ranar, ka bi masu kanti da masu kemis. Kada a huda su, kada a manna su, kada a goge su da lemun tsami ko toka. Dauɗar hannu da ke jikinsu shaida ce ta inda suka bi. A bango ka rataya allo, kowace safiya ɗalibi ya je wajen ƴan canji ya tambayo naira nawa ake ba da jika, ya rubuta da alli a ƙarƙashin na jiya. A gefensa layi guda da ba ya canjawa: 655.957. Bayan kwana goma allon zai nuna abin da ake gardama a kansa, wato wanne ya fi, kuɗin da ke tsaye amma ɗaure da na wani, ko kuɗin da ke hannun ƙasarsa amma yana zamewa. Kada ka amsa musu. Ɗan kasuwar da ke shigo da kaya da manomin da ke kai wake Jibiya amsarsu ba za ta zo ɗaya ba, kuma kana son su biyun su tsaya gaban allon. In za ku ɗauki hoton ƴan canji ko teburinsu, sai da yardarsu. Yawanci ba sa so.

Aiki na biyu shi ne buga takardar kuɗinku. A nan zan daɗe, don nan ne hannu ke ɓata abu.

Girman ya bambanta da na gaske a fili. Babbar takardar sefa ba ta kai santimita 15 a tsawo ba, don haka ka yi taka 18 da 9. Farar takarda A4 na fitar da uku. Fuska ɗaya za a buga, bayan a bar shi fari. Kada sunan BCEAO ya fito, ko kifin, ko kalmar francs CFA, ko sa hannu mai kama da na gwamnan banki, kuma ka guji launukan da ido ya saba da su: ja na jika, shuɗi na jika biyu, kore na jika biyar, da na jika goma. Baƙi a kan takardar buhun siminti da aka kakkaɓe aka goge ta yi kyau ƙwarai, kuma babu tsohuwar da za a cuta da ita da magariba a kasuwa. Wannan shi ne ma'aunin: in mai raunin gani zai iya karɓar ta a matsayin kuɗi, ba ta yi ba.

Allon bugu: je wajen masu gyaran takalmi ka sayi fallen robar tafin takalmi mai santsi, kaurin milimita huɗu zuwa biyar. Ka manna shi a kan katako mai faɗi ɗaya da shi. Abin sassaƙa, tsohon ƙarfen lema mai kwari a tsakiya ya isa: a yanke santimita goma, a wasa bakin a dutse, a soka shi cikin guntun icce. Reza ko wuƙar baduku don layi madaidaici. Abin da ka sassaƙe shi zai fito fari, abin da ka bari shi zai ɗauki tawada. Zurfin milimita ɗaya da rabi zuwa biyu ya isa. In ka zarce, gefen layi na lanƙwashewa ƙarƙashin dannawa. Layin da ka bari tsaye kada ya gaza milimita ɗaya, in ba haka ba zai karye kafin bugu na hamsin.

Rubutu a juye ake sassaƙa shi. Kowane aji sai an samu wanda ya manta. Hanya mafi sauƙi: a rubuta a kan takarda da fensir mai laushi, a kifa ta a kan robar, a goga bayanta da cokali, rubutun zai sauka a juye da kansa. Ajami ya fi rikitarwa, domin a kan allon zai tafi daga hagu zuwa dama, kuma ɗigo ɗaya da ya zame ya canja harafi. A ba malamin allo ya duba gwajin farko kafin a buga sauran. Kuma kada a sa aya ko sunan Allah ko bisimilla: takardun nan za su faɗi ƙasa, za a taka su, wasu za su ƙare a bola.

Tawada, ka roƙi maɗaba'a ta sayar maka da ɗan kaɗan na injinsu, mai mai. Rabin gwangwanin tumatir ƙarami ya ishi takarda ɗari biyu. A shimfiɗa ta a kan gilashi da abin birgima. In babu na saye, guntun bututun roba da aka sa wa tiyub ɗin keke, da ƙarfe a tsakiya, yana aiki. Ana birgimawa har sai ta yi siriri tana ɗan ƙara mai laushi. In tana yin tsini-tsini kamar ƙaya, ta yi yawa, za ta cike ƙananan layuka. A ɗora takarda, a goga bayanta da bayan cokali daga tsakiya zuwa gefe, a ɗaga kusurwa ɗaya a leƙa kafin a cire duka. Tawadar allo ta gawayi da ƙaro tana da kyau ga rubutun hannu a kan takardar bayan ta bushe, amma ba ta bugu: a zafin nan tana bushewa a kan robar kafin takarda ta sauka. Fentin mota ko na gini kuma yana cin robar, yana ratsa takarda ya bar da'irar mai.

In kana son launi biyu, allo biyu za ka yi masu girma ɗaya daidai, da kusurwar katako mai siffar L da aka kafe a tebur, inda allo da takarda za su riƙa tokarewa kowane bugu. Launi mai haske ake fara bugawa, a bar shi kwana biyu zuwa uku. Wanda ya yi gaggawa, launi na biyu zai ɗago na farko. Busarwa a kan igiya cikin ɗaki rufe, ba a jibge ba. Da hunturu ƙura na manne wa ɗanyar tawada ta mai da ita kamar sanfefa, saboda haka a yayyafa ruwa a ƙasa kafin a fara, a rufe tagogi. Don takarda 200 kana buƙatar falle 67. Ka tanadi 90, don goman farko gwaji ne kuma hannun ɗalibai ba ɗaya ba ne. A wanke robar da ɗan man gyaɗa sannan sabulu. Fetur na kumbura ta. Kowace takarda a ba ta lamba da hannu, 1 zuwa 200, a rubuta a littafi.

Me za a zana a kai? Mutane da yawa a Maraɗi ba sa son hoton mai rai, kuma fuskar ɗan siyasa, mai ci ko wanda ya sauka, za ta mai da aikin fosta. Akwai zanen baduku na jikin jar fatar akuyar Maraɗi, da zanen ƙwarya, da zayyanar allo, da adon bangon soro, duk sun dace da sassaƙa don layukansu masu kauri ne. Wasu kan bar fili a tsakiya su ce wa masu kallo su rubuta wanda ya cancanci zama a kan kuɗin ƙasa. Tunanin na da kyau, amma in ka ajiye biro ba mai tsaro, za ka samu zagi da sunayen da za su ja maka kira. In za ka yi, a rubuta a jefa cikin akwati rufe, ku tace kafin a liƙa.

Sai babbar tambaya, wadda ita ce zuciyar aikin: me ke tsaye bayan takardarku? Kada ka rubuta mata daraja da sefa ko naira. Rubuta ta da gero: “Mai wannan takarda yana bin rubu'in tiya.” Takarda 200 ke nan tiya 50, kimanin kilo 125, wato buhu guda da tiya goma. Geron ya kasance a tsakiyar ɗakin kowa na ganin sa, da mai awo zaune. Wanda ya shigo a ba shi takarda. Yana iya karɓar geronsa nan take, yana iya riƙe ta don ta yi masa kyau, yana iya dawowa ranar ƙarshe. A nan ɗalibi zai gane da idonsa abin da ake nufi da ajiyar da ke bayan kuɗi, wadda ita ce aka shekara ana gardama a kanta lokacin da rabin ajiyar ƙasashen sefa ke baitulmalin Faransa, kafin sauyin da aka sanar a Abidjan a Disamba 2019. In kana da ƙarfin hali, ranar ƙarshe da safe a sanar cewa daga yanzu takarda rabin abin da aka rubuta take biya. Abin da ya faru ke nan a Janairun 1994, lokacin da aka kwana tamma 50 na sayen faran guda na Faransa aka tashi sai 100. Duk wanda ya haura shekara arba'in a ɗakin zai ba da labarin abin da ya same shi a shekarar. Amma a cika wa kowa ragowar geronsa kafin ya fita, kuma a gaya wa shugaban makaranta tun farko, don mutum ba ya wasa da abin da aka yi masa alkawari. Takardar ta tsaya tsakanin ɗakin da buhun. Kada a sayar da ita, kada ɗalibai su kai ta wajen mai ƙosai. Buhun a ɗora shi kan katako saboda gara da ɓera, kuma a raba yara rukuni-rukuni, in ba haka ba layin gero zai cinye baje kolin.

Yanzu gam. Wannan na matattun kuɗi ne kawai, kamar sefar da aka janye a ƙarshen 2004, da tsofaffin naira da fam da sulalla da ke cikin akwatunan tsofaffi. Ka lura, tsofaffin 200 da 500 da 1000 na naira da aka sake wa launi a ƙarshen 2022 har yanzu kuɗi ne, kada ka lissafa su cikin matattu. Salatif shi ne babban maƙiyi: cikin zafin Afrilu da Mayu, da ake haura digiri 40, gam ɗinsa na narkewa ya ratsa takarda ya bar tabo ruwan ƙasa da ba ya fita. Gam ɗin masu takalmi na ƙona takarda, mai kama nan take kuma yana sa ta ƙage ta karye. Farin gam na kafinta yana riƙewa, amma ba ya ɓamɓaruwa, don haka kada ka sa shi a kan abin aro. Abin da masu adana takardu ke amfani da shi sitaci ne: cokali ɗaya na sitacin alkama ko na rogo, cokali biyar na ruwa, a kan wuta kaɗan ana juyawa kamar minti 15 zuwa 20 har ya yi garai-garai, a bar shi ya huce, a tace da ƙyalle. Kwana biyu yake yi ya yi tsami, a dama sabo. Ba a shafe bayan takardar duka. Ana yanka ƴar siririyar takarda mai faɗin santimita ɗaya da rabi, guda biyu, a manna su a gefen sama kawai, kuɗin ya rataya a kansu. Dalili: da damina takarda na shan laima ta buɗe, da rani ta tsuke. In an kafe ta ta ko'ina, sai ta yi kumburi ta tattare. Ƙananan naira na leda, 5 zuwa 50, ba sa kama sitaci, kuma suna yawo har yanzu. Su da duk kuɗin da ke aiki a sa su cikin ƴan kusurwoyin takarda irin na albam, a mai da su aljihu bayan an tashi.

Firam ɗin, gilashi milimita uku, kuma kada ya taɓa aikin: a sa siririn kwali mai kaurin milimita uku zuwa biyar a gefe. Gilashin da ya kwanta kan tawada yana manne mata da zafi. A rufe bayan da kwali mai tsabta, a toshe gefuna da takarda, don sitaci abincin kyankyaso da gara ne. A bar tazarar yatsa biyu tsakanin firam da bango, musamman bangon ƙasa ko na siminti sabo. Rana kada ta faɗa kansa kai tsaye; ja da shuɗi na fara kodewa cikin makonni, hoton injin kwamfuta mai tawadar ruwa ya fi kowa saurin mutuwa. Watannin Nuwamba da Disamba sun fi dacewa: laima ta tafi, zafi bai dawo ba.

Game da tuta, kada ka yanka ta, kada ka shimfiɗa ta ƙasa, kada ka yi rubutu a kanta. Launukan uku a rarrabe, a zare ko rini ko fata, suna isar da saƙo. Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da kafa AES, ƙawancen Nijar da Mali da Burkina, a Satumbar shekarar, da fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka, a Janairun 2025 alhali ƙasar na nan cikin UEMOA tana kashe sefa, maganar kuɗi ta zama maganar da ake saurare da kunne biyu. Ka rubuta wa shugaban makaranta da ofishin magajin gari da ma'aikatar al'adu ta jaha, ka faɗi abin da za a gani dalla-dalla, har da geron da allon canji, ka riƙe kwafi mai hatimi. Ka tuna kuma aikin ba zai tsaya cikin ɗaki ba: za a ɗauke shi da waya a watsa a WhatsApp da bayanin da ba kai ka rubuta ba, kuma a 2024 an maido da hukuncin ɗauri cikin dokar laifukan intanet. Saboda haka kowane aiki ya kasance da bayaninsa manne kusa da shi, yadda hoto ba zai ɗauki ɗaya ya bar ɗaya ba.

Bayanin ya zama gajere, kalma 60 zuwa 80, da Hausar boko da ajami, Faransanci a ƙasa. Ya faɗi abin da ke gaban mutum da shekara da nauyi, ya tsaya nan: wuri nawa, giram nawa, daga ina aka aro. Ɗalibai biyu su tsaya kowane lokaci suna bayani da baki, don da yawa daga waɗanda suka fi sanin kuɗi a garin nan ba karatu za su tsaya yi ba. Ka gayyaci ƴan canji da dillalan hatsi da mata masu adashi ranar buɗewa, ka sa ɗalibi ɗaya ya zauna da littafi yana rubuta abin da suke faɗa gaban sikelin, da izininsu kuma ba suna. Ranar tashi a ƙirga takardun da suka dawo da waɗanda mutane suka riƙe, a auna geron da ya rage, a rubuta lambobin uku a shafin ƙarshe na littafin. Robar bugun a shafa mata hoda, a naɗe ta da takarda, a ajiye ta kwance inda rana ba ta kai. In an jingine ta tsaye za ta lanƙwashe kafin baɗi.